Lafiyar Iyali: Ƙuda Mai Farin Ido da Tambayar Wata Uwa

Cikin wasiƙun da suka iso mana a watan jiya akwai ta wata uwa wadda ta roƙa kada mu ambaci sunanta ko na garinsu. Ta ce ta haifi ɗanta na shida tana da shekara 41. Tun ran suna mata suka lura jikin yaron ya cika laushi, harshensa yana yawan fitowa, idanunsa kuma sun ɗan karkata sama. Yanzu ya shekara ɗaya bai zauna sosai ba. A asibiti an gaya mata yana da abin da likitoci ke kira lalurar Down. A gida kuwa magana ta sha bamban. Surukarta ta ce ai ita ta jawo, don ta riƙa fita rijiya da magariba tana da ciki. Wata maƙwabciya ta ce ɗan ruwa ne. Ta rufe wasiƙarta da tambaya ɗaya: "Ku gaya mini gaskiya, laifina ne?"

Amsa a taƙaice ita ce a'a, ba laifinki ba ne. Amma mun san a'a kaɗai ba za ta ishe ki tsayawa gaban masu magana ba, sai kin san dalili. Abin mamaki kuwa, hanyar da masana suka bi suka gano dalilin ta faro ne daga wani ɗan ƙuda da kowa ya raina, irin wanda ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro ko ɓawon ayaba.

Rubutun da ke cikin jiki

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai waɗansu zarurruka da ake kira kuromosom. A kan zarurrukan nan aka rubuta umarnin gina jiki duka: launin fata, tsawo, irin jini, siffar hanci, da sauransu. Kowane umarni guda shi ne muke kira ƙwayar gado. Mutum yana da zare 46, an jera su biyu biyu, watau tagwaye 23. Ɗaya daga kowane tagwaye daga wurin uba ya fito, ɗayan daga wurin uwa. Shi ya sa yaro yakan ɗauko goshin ubansa da muryar uwarsa.

Duk sa'ad da jiki zai yi sabuwar ƙwaya, sai ya juyi rubutun nan duka, kamar yadda almajiri ke juyar littafi da hannu. Rubutun kuwa ba kaɗan ba ne, baƙaƙensa sun kai wajen biliyan 3 a gefen uba, biliyan 3 a gefen uwa. Kuskure iri biyu yakan auku. Na fari kuskuren rubutu ne, inda baƙi ɗaya ko kaɗan suka sauya. Na biyu kuskuren rabo ne, inda rubutun yake daidai, amma wajen raba zarurrukan wata ƙwaya ta sami ƙari, wata ta sami ragi. Dukansu biyu an fahimce su sosai a jikin ƙuda kafin a gane su a jikin mutum.

Ɗakin ƙudaje

A jami'ar Kolumbiya ta birnin New York, a Amurka, akwai wani malami mai suna Thomas Hunt Morgan. Shi da ɗalibansa sun cika wani ɗan ɗaki da kwalaben madara, suna kiwon ƙudajen nan a ciki, suna ciyar da su da ayaba. Dalilin zaɓensu a fili yake. Ba su da tsadar kiwo, mace ɗaya takan yi ƙwai ɗaruruwa, kuma cikin mako biyu ƙwai ya zama ƙudan da zai haifi nasa. Abin da mai kiwon shanu zai jira shekaru kafin ya gani, mai kiwon ƙuda zai gan shi cikin wata biyu. Ga shi kuma zarensu 8 ne kawai, ba wuyar ƙidaya.

Idon ƙudan nan ja ne. Amma a shekarar 1910 Morgan ya tarar da namiji guda mai farin ido a cikin kwalba. Ba wanda ya yi masa kome, haka aka ƙyanƙyashe shi. Kuskuren rubutu ne ya faɗa a kan ƙwayar gadon da ke sa launi a ido. Morgan ya haɗa shi da mata masu jan ido, 'ya'yan suka fito da jan ido, kamar farin ya ɓace. Da aka haɗa 'ya'yan da junansu sai ga farin ido ya dawo a cikin jikoki, wajen ɗaya cikin huɗu, kuma dukan masu farin idon maza ne.

Daga nan aka koyi abu biyu. Na ɗaya, hali yana iya ɓuya a jikin iyaye masu lafiya ya bayyana a jikin jikoki. Na biyu, umarnin launin idon nan yana kan zaren da ake kira X. Mace tana da X biyu, namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya. In X ɗaya na mace ya sami tangarɗa, ɗayan yakan rufa masa asiri. Namiji ba shi da na biyun da zai rufa masa. Haka abin yake ga mutane. Shi ya sa rashin bambance ja da kore, da ciwon nan da jini ba ya tsayawa in an ji rauni, suka fi yawa ga maza nesa ba kusa ba. An ba Morgan lambar Nobel a 1933 saboda aikin nan.

Tun da mun zo kan X da Y, bari mu faɗi wata magana ga magidanta. Ƙwan mace kullum X yake ɗauke da shi. Irin namiji ne yakan zo da X ko Y. In ya zo da X a haifi mace, in ya zo da Y a haifi namiji. Saboda haka mutumin da ke fushi da matarsa don 'ya'ya mata take haifa masa, ya sani daga gefensa abin yake fitowa, ko da yake shi ma ba shi da ikon zaɓa.

Kuskuren rabo

Cikin ɗaliban Morgan akwai Calvin Bridges, mutum mai kaifin ido da haƙurin ƙidaya. Bisa ga ƙa'idar da suka gano, in aka haɗa mace mai farin ido da namiji mai jan ido, 'ya'ya mata duka za su yi jan ido, maza duka farin ido. Amma Bridges ya lura wajen ɗaya cikin 2,000 yakan saɓa: sai ga 'ya mace da farin ido irin na uwarta. Bai ce kuskuren ƙidaya ba ne ya wuce. Ya sa ƙwayoyin irin waɗannan ƙudaje a madubi, ya tarar suna da X biyu da Y ɗaya, watau zare ɗaya ya yi yawa. Sa'ad da jikin uwar ke shirya ƙwai, ya kamata tagwayen X su rabu, ƙwai ya ɗauki ɗaya. Sai suka manne suka tafi tare. Ya buga cikakken bayanin a 1916.

Shekaru arba'in suka wuce kafin a iya ganin irin wannan a jikin mutum, gama zarurrukanmu suna da yawa, sukan cukurkuɗe a madubi. An daɗe ana koyar da cewa 48 ne, sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan, a garin Lund na ƙasar Suwidin, suka ƙidaya daidai suka sami 46. Bayan shekara uku, a 1959, likitoci uku a Faris, Marthe Gautier da Jérôme Lejeune da Raymond Turpin, suka duba ƙwayoyin yara masu lalurar da wani likitan Ingila, John Langdon Down, ya bayyana tun 1866. Suka tarar da zare 47. Zare na 21, wanda ya kamata ya zama biyu, ya zama uku. Abin da ya sami ƙudan Bridges shi ne ya sami yaran.

To, 'yar'uwa, ga abin da ya faru da ɗanki. Tun kafin ki san kina da ciki, tun a ranar da cikin ya shiga, zare na 21 ya riga ya zama uku. Fitar magariba ba ta ƙara zare, abincin da kika ci bai ƙara ba, bakin wani bai ƙara ba. Yawanci ƙarin daga ƙwan uwa yake zuwa, wani lokaci kuma daga irin uba, amma ba mai iya sawa, ba mai iya hanawa. Ana haifar irin yaran nan a kowace ƙasa da kowace kabila, gidan sarki da gidan talaka, wajen ɗaya cikin haihuwa 700 zuwa 1,000.

Gaskiya ne shekarun uwa suna da hannu a ciki, ba za mu ɓoye miki ba. Ƙwayayen mace an halicce su tun tana cikin uwarta, suna nan suna jira, kuma da daɗewarsu rabon zarurruka yakan ƙara yin tangarɗa. Mai shekara 25, wajen ɗaya ne cikin 1,200. Mai shekara 35, wajen ɗaya cikin 350. Mai shekara 40, wajen ɗaya cikin 100. Amma ki lura, ko a shekara 40, mata 99 cikin 100 ba su haifar irin wannan yaro, kuma 'yan mata masu ƙuruciya ma suna haifa. Shekaru ba zunubi ba ne.

Ba zare na 21 kaɗai ke samun haka ba. Akwai 'ya mace da ake haifa da X ɗaya tak, takan zama gajera, ta kai shekarun balaga ba ta fara al'ada ba. Akwai namiji mai X biyu da Y ɗaya, yakan yi tsawo, sau da yawa ba a ganewa sai ya yi aure haihuwa ta ƙi. Kuma wajen rabin ɓarin da ake yi a watanni uku na fari, irin wannan kuskuren rabo ne sanadinsa. Matan da suka yi ɓari suna zargin kansu da ɗaukar tulu ko daka, su ji wannan su sami sauƙin zuciya.

Baƙi ɗaya da ya sauya jini

Mu koma kan kuskuren rubutu, gama akwai guda da ya shafi gidajenmu fiye da kowane, watau amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila. A shekarar da Morgan ya ga ƙudansa, 1910, wani likita a Chicago mai suna James Herrick ya ba da labarin wani ɗalibi daga tsibirin Grenada wanda ƙwayoyin jininsa suka lanƙwashe kamar lauje. A 1956 Vernon Ingram, a Kambirij ta Ingila, ya nuna bambancin jinin mai sikila da na sauran mutane wuri ɗaya ne tak a cikin abin da ke ɗaukar iska a jini. Baƙi ɗaya ne ya sauya a rubutun gado. Daga wannan baƙi ɗaya duk ciwon ƙashi, da kumburin hannu da ƙafa na jarirai, da ƙarancin jini, da kwana asibiti suka fito.

Me ya sa ya yi yawa a ƙasashenmu? A 1954 Anthony Allison, wanda ya yi bincikensa a Afirka ta Gabas, ya nuna yaron da ya gaji S daga gefe ɗaya kawai, watau mai AS, ya fi sauran yara tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A inda sauro ya yi yawa, masu AS suka fi rayuwa su hayayyafa, S ya yaɗu. A Nijeriya wajen mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haifar jarirai wajen 150,000 masu sikila a ƙasar kowace shekara.

Nan ne bambancin yake da lalurar Down. Ita ba a iya hango ta kafin aure, amma sikila ana iyawa. Mai AS lafiyarsa ƙalau, kamar 'ya'yan ƙudan Morgan masu jan ido da farin ke ɓoye a jikinsu. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da ɗaya cikin huɗu na zama SS. Mu lura da kyau, kowane ciki ne. Ba wai in an haifi ɗaya mai ciwo sauran ukun sun tsira ba. Akwai gidan da aka haifi biyar ba ko ɗaya, akwai gidan da aka haifi uku a jere. Kuma yaro ba ya zama SS sai uba ya ba da S, uwa ta ba da S. Dangin miji da ke cewa matar ce ta kawo ciwo gidansu, su sani rabin daga ɗansu ya fito.

Ikilisiyoyi da yawa yanzu suna neman takardar gwajin jini kafin ɗaurin aure, mun kuwa yaba da haka. Sai dai muna roƙon iyaye kada su jira sai an kai kayan aure an sa rana. A lokacin ƙauna ta yi nisa, kunya ta shiga, har wani ya nemi takardar ƙarya. A gwada yara tun suna makaranta, kowa ya san jininsa kamar yadda ya san sunansa. A yi gwajin a wurin da aka amince da shi, in da shakka a sake a wani wuri.

Sauron Birnin Kebbi

Sauyin gado ba kullum yake cutar da mai shi ba. Wani lokaci yakan amfane shi, mu ne yake cuta. A 1954 aka fara wani babban aikin yaƙi da zazzaɓi a yammacin lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, ana fesa magani a bangon ɗakuna, ciki har da wani mai suna dieldrin. Da fari sauro ya yi ta mutuwa. Kafin shekara biyu ta cika, a 1955, aka tarar da sauron da maganin ba ya kashewa. Aka kai irinsa Landan, George Davidson ya haɗa shi da sauron da bai taɓa gamuwa da maganin ba, ya ƙidaya 'ya'ya da jikoki yadda Morgan ya yi, ya nuna a 1956 cewa ƙwayar gado guda ce ke ba shi wannan ƙarfi.

Mutane sukan ce sauro ya saba da magani. Ba sabo ba ne. Tun kafin feshi akwai 'yan kaɗan masu sauyin a jikinsu. Magani ya kashe sauran ya bar musu fili, su kuwa suka hayayyafa. Irin wannan ya sake faruwa da maganin da ake sa wa gidan sauro, har ya sa yanzu ake yin gidajen sauro masu haɗin magani biyu. Darasinmu shi ne, kada mu daina kwana cikin gidan sauro, gama ko maganin ya rage ƙarfi, ragar tana tsare jiki. Manoma kuma su bi awon da aka rubuta a jikin gwangwanin maganin feshi, gama sauro yana ƙyanƙyasa a ruwan fadamun da ake fesawa.

Wani cikin mutanen ɗakin ƙudaje, Hermann Muller, ya nuna a 1927 cewa hasken hoton ƙashi yana yawaita kuskuren rubutu a jikin ƙuda, aka ba shi Nobel a 1946. Daga irin wannan sani ne aka koyi yin hattara da hasken, shi ya sa mace mai ciki ya kamata ta faɗa kafin a ɗauke ta hoton ƙashi. Amma yawancin sauyi ba shi da wani sanadi daga waje. An ƙidaya cewa kowane jariri yana zuwa da sababbin sauye-sauye wajen 60 zuwa 70 waɗanda babu su a jikin iyayensa, kusan dukansu ba su yin kome. Ashe ba wani a cikinmu da rubutunsa ya fita ba tangarɗa. Na wani ya bayyana ne, na wani ya ɓuya.

Abin da za a yi wa yaron

Mu dawo gare ki, 'yar'uwa. Ba maganin da zai cire zaren nan, kada ki bari kowa ya karɓe miki kuɗi da akuya da sunan zai cire. Amma akwai abubuwa da yawa da za a yi.

Na fari, a kai shi likita ya duba zuciyarsa, gama wajen rabin irin yaran nan ana haifarsu da matsala a zuciya, wadda sau da yawa ana iya gyarawa in an gano da wuri. A duba jinsa da ganinsa, a kuma auna aikin maƙoƙonsa, watau ƙullin nan na wuya, lokaci lokaci. A cika masa allurar rigakafi, kuma in tari da zazzaɓi sun kama shi kada a yi jinkiri, don ƙirjinsu ba ya jure sanyi kamar na sauran yara.

Na biyu, kada a ɓoye shi a ɗaki. Zai zauna, zai yi tafiya, zai yi magana, sai dai a nasa lokaci. Da yawa cikinsu sai sun kai shekara biyu ko fiye suke fara tafiya. A riƙa yi masa magana da waƙa, yayyensa su yi wasa da shi, a koya masa cin abinci da sa riga da kansa, a kai shi makaranta da ajin yara na ran Lahadi. Da yawa sukan koyi karatu da aikin hannu. A Amurka, a 1983, matsakaicin shekarun da suke kaiwa 25 ne, yanzu ya kai wajen 60. Zaren bai sauya ba, kulawa ce ta sauya. Tun 2012 Majalisar Ɗinkin Duniya take tunawa da su kowace ran 21 ga Maris, watau zare na 21 sau uku.

In kina tunanin wata haihuwa, ku tafi tare da maigidanki ku ga likita. Ga yawancin iyali haɗarin maimaituwa wajen ɗaya ne cikin 100, ko gwargwadon shekarun uwa in sun fi haka, amma akwai wani iri kaɗan da ake gada, gwajin jini ne ke nuna shi.

Ga sauranmu kuwa, tambayar nan ta wane ne ya yi laifi tsohuwa ce. A cikin Yohanna sura 9 almajirai sun yi ta a kan mutumin da aka haifa makaho, Ubangiji kuwa bai ɗora laifin a kan mutumin ko iyayensa ba. In ba mu da abin da za mu faɗa wa uwa irin wannan sai zargi, gara mu yi shiru mu karɓi goyon na awa ɗaya ta huta. Zumuntar mata na iya tsara wannan. Maigida kuma shi ne ya kamata ya zauna da mahaifiyarsa, cikin ladabi, ya karanta mata shafin nan, gama maganar ɗa ta fi shiga kunnen uwa da ta suruka.

Muna jiran wasiƙarki ta gaba, mu ji ranar da yaron ya zauna da kansa. A wata mai zuwa za mu yi magana a kan kula da yaro mai sikila lokacin hunturu.